Gregor Mendel, Limamin Da Ya Ƙirga Wake (1822 zuwa 1884)

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban masu awon hatsi a Obiagu ko a kasuwar Ogbete cikin Inugu, ko kuwa a Anaca da Fatakwal inda manyan motoci ke sauke buhunan da suka taso daga Dawanau, ya san wake ba iri ɗaya ba ne. Akwai fari, akwai ja, akwai mai baƙin ido, akwai mai santsin baya da mai kaushi. Manomi ya san idan ya shuka fari, fari zai girba. Amma wani lokaci sai a tsinci baƙon iri a tsakiyar gona, wanda bai yi kama da abin da aka shuka ba. Haka yake a gidajen mutane. Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, su ne kuma suka ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, duka biyun kuwa gaskiya ne. Mutumin da ya fara gano ƙa'idar da ta haɗa waɗannan maganganu biyu wani limamin ikilisiya ne, ɗan talakawa, wanda sau biyu yana neman takardar shaidar malanta bai samu ba.

Ɗan manomi

An haifi Johann Mendel a watan Yuli na shekarar 1822 a ƙauyen Heinzendorf, cikin daular Austiriya ta wancan zamani. Yau ƙauyen yana cikin Jamhuriyar Cek, ana kiransa Hyncice. Sunan mahaifinsa Anton, mahaifiyarsa Rosine. Yana da ya mai suna Veronika da ƙanwa mai suna Theresia. Anton ƙaramin manomi ne, kuma bisa dokar lokacin wajibi ne ya yi wa mai ƙasa aikin kwana uku a kowane mako ba lada, sauran kwanakin ne nasa. Abin da ya fi so shi ne lambunsa na itatuwan marmari, inda yakan yanko reshen wata bishiya ya ɗaura a jikin wata domin a sami 'ya'ya masu kyau. A nan yaron ya fara koyon riƙe wuƙar lambu.

Limamin ƙauyen, Johann Schreiber, mutum ne mai sha'awar noma da kiwon zuma, yana kuma koyar da su a makarantar ƙauye. Shi da malamin makarantar suka lura da kaifin kan yaron, suka roƙi iyayensa su bar shi ya yi nisa da karatu. Ba ƙaramin abu suka roƙa ba, domin shi kaɗai ne ɗa namiji, shi ake sa ran zai gaji gona. Iyayen suka yarda. A 1834 ya shiga babbar makaranta a garin Troppau, inda abincin da ake iya biya masa bai cika ƙosar da shi ba.

A 1838 gungumen itace ya faɗo wa mahaifinsa, bai ƙara samun cikakkiyar lafiya ba. Tun yana ɗan shekara 16 Johann ya koma ciyar da kansa ta hanyar koyar da 'ya'yan masu hali. Wahala da damuwa suka kwantar da shi fiye da sau ɗaya, har ya koma gida jinya na watanni. Da ya wuce makarantar share fagen jami'a a Olomouc a 1840, kuɗi suka ƙare ƙaf. A nan ne ƙanwarsa Theresia, yarinya ƙarama, ta yafe masa wani kaso na dukiyar da aka ware mata domin aurenta. Littattafan kimiyya ba su cika ambaton sunanta ba, alhali da ba ta yi haka ba da babu labarin da za a bayar. Shi dai bai manta ba. Bayan shekaru, da ya sami hali, ya ɗauki nauyin karatun 'ya'yanta maza uku, biyu daga cikinsu suka zama likitoci.

Gidan zuhudu

A 1843 malaminsa na kimiyya, Friedrich Franz, ya shaide shi ga gidan zuhudu na Waliyi Toma a birnin Burno, na ɗarikar Agustin cikin ikilisiyar Katolika. Ya shiga, aka ba shi sabon suna Gregor. Shi da kansa bai ɓoye ba cewa talauci yana cikin abin da ya kai shi can. Wasu marubuta sun riƙe wannan suna cewa ba kira ne ya kai shi ba, yunwa ce. Amma mutumin da ya shiga ta ƙofar yunwa ya zauna shekara 40 bai fita ba, yana sujada da wa'azi har ƙarshen ransa, ai a bar wa Ubangiji hukuncin zuciyarsa.

Shugaban gidan, Cyrill Napp, mutum ne mai son ilimi. Yankin Morabiya ya shahara da kiwon tumaki masu ulu, kuma tun kafin zuwan Mendel makiyaya da masana na yankin suna muhawara a kan abin da ake gada da yadda ake gadonsa. Napp yana cikin masu wannan tambaya. Gidan yana da ɗakin karatu babba da lambu, limamansa da yawa malaman makaranta ne. Har bishop na Burno ya kawo ziyarar bincike a 1854, ya ga karatun duniya ya yi musu yawa, ya ba da shawarar a rufe gidan. Ba a rufe ba.

An naɗa Mendel limami a 1847. Aka ba shi aikin ziyarar marasa lafiya a asibiti, sai ya zamana ganin masu shan azaba yana karya masa zuciya har shi ma ya kwanta. Napp bai tsawata masa ba. Ya gane baiwar wannan saurayi ba a bakin gadon majinyaci take ba, sai ya tura shi koyarwa a garin Znaim a 1849. Ɗalibai suka so shi. A 1850 ya zauna jarrabawar shaidar malanta, ya faɗi, kuma fannin halittu yana cikin inda ya gaza. Maimakon a zubar da shi, Napp ya tura shi Jami'ar Biyana daga 1851 zuwa 1853. A can ya yi karatu a hannun Christian Doppler, masanin kimiyyar motsi da haske, da Franz Unger, masanin tsirrai. Abin da ya kwaso mai daraja shi ne ɗabi'ar awo da ƙirge, da lissafin yiwuwar abu, waɗanda masanan tsirrai na zamaninsa ba su damu da su ba. Ya dawo Burno ya kama koyarwa a 1854. A 1856 ya sake gwada jarrabawar, rashin lafiya ya kama shi a tsakiyarta, ya dawo hannu rabbana. Ya ci gaba da zama malamin wucin gadi har 1868.

Shekara takwas a lambu

Abin da ya zaɓa shi ne waken Turawa, ɗan koren nan da ake zubawa a soyayyar shinkafa. Zaɓin yana da hikima. Da goro ko mangwaro ya ɗauka, da sai ya jira shekaru kafin ya ga jika ɗaya. Wannan wake kuwa yana nuna cikin shekara, furensa kuma a rufe yake, yana aurar da kansa, ƙurar wani fure ba ta cika shiga ba sai da hannun mutum. Ya sayo iri 34 daga masu sayar da iri, ya shekara biyu yana shukawa domin ya tabbatar kowanne yana haihuwar irinsa, sannan ya tsayar da 22. Daga cikinsu ya ware halaye bakwai masu fuska biyu biyu: ƙwaya mai santsi ko mai yamutsa, rawaya ko koriya, dogon kara ko gajere, fure mai launi ko fari, da sauransu.

Aikin kansa na haƙuri ne. Sai ya buɗe fure tun bai nuna ba, ya cire ɓangaren namiji da ɗan hantsaki, ya ɗebo ƙurar wani fure ya shafa, ya rufe domin kada kwari su ɓata masa lissafi. Daga 1856 zuwa 1863 ya yi renon tsirrai kimanin 28,000, yana ƙirga ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya, ga koyarwa, ga lokutan addu'a.

A zamanin nan yawancin masana sun ɗauka gado kamar haɗa ruwa biyu ne a ƙwarya ɗaya: dogo ya auri gajere, a sami matsakaici. Abin da Mendel ya gani daban ne. Da ya aurar da dogo da gajere, 'ya'yan duka suka fito dogaye, gajarta ta ɓace kamar ba a taɓa yin ta ba. Da ya bar waɗannan 'ya'ya suka aurar da kansu, sai ga gajarta ta dawo a jikoki: dogaye 787, gajeru 277. A kan siffar ƙwaya ya sami masu santsi 5,474, masu yamutsa 1,850. A kan launi, rawaya 6,022, koraye 2,001. Duk halayen bakwai haka suka fito, kusan uku bisa ɗaya. Bai tsaya nan ba. Ya shuka 565 daga cikin masu santsin nan, sai 193 suka haifi masu santsi zalla, 372 kuma suka haifi iri biyu. Wato kashi biyu cikin uku na masu santsin suna ɗauke da yamutsa a ɓoye.

Bayanin da ake fahimta daga aikinsa shi ne, kowane hali yana da ƙwayar gado guda biyu a jikin tsiro, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wata mai rinjaye ce, wata mai laɓewa. Mai laɓewa ba ta narkewa, ba ta gauraya, tana nan lafiyarta lau har ranar da za ta gamu da 'yar'uwarta daga ɗaya ɓangaren, sannan ta bayyana. Kowane mahaifi guda ɗaya yake miƙawa cikin biyunsa, kuma ba shi ke zaɓa ba. Ya kuma bi halaye biyu a lokaci guda, siffa da launi, cikin ƙwayoyi 556 ya sami 315 da 108 da 101 da 32, abin da ya nuna kowane hali yana bin hanyarsa ba ruwansa da ɗayan. Daga baya masana sun gano wannan ƙa'ida ta biyu tana da iyaka, domin akwai ƙwayoyin gado da ke maƙwabtaka, sukan yi tafiya tare.

Lissafin da ya shafi gidajen masu bi

Wannan ba labarin wake kaɗai ba ne. Ikilisiyoyi da yawa a Nijeriya ba sa ɗaura aure sai saurayi da budurwa sun kawo takardar gwajin jini, kuma lissafin da ke bayan takardar nan shi ne na Mendel, ba ƙari ba ragi. Kimanin mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar a ƙasar nan AS ne, wato yana ɗauke da ƙwayar sikila guda ɗaya a laɓe, yana kuwa cikin ƙoshin lafiya. Idan AS ya auri AA, ba za su haifi SS ba. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da rabo ɗaya cikin huɗu na zama SS, biyu cikin huɗu AS, ɗaya cikin huɗu AA.

A nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Ɗaya cikin huɗu ba ya nufin ukun farko za su tsira, sai na huɗu. Kowane ciki sabuwar ƙuri'a ce, ba ta tuna ta baya. Mendel ya sami uku bisa ɗaya ne domin ya ƙirga dubbai, amma a cikin kwanso ɗaya yakan ga lissafin ya karkace nesa. Haka gida mai 'ya'ya huɗu: ana iya samun babu SS ko ɗaya, ana iya samun uku. Abu na biyu kuma, yaro ba ya zama SS sai ya karɓi ƙwaya daga uba ya karɓi ɗaya daga uwa. Saboda haka dangin miji da ke cewa matar ce ta kawo musu ciwo gida sun yi mata ƙazafi, rabin abin daga ɗansu ya fito. Ba maita ba ce, ba la'ana ba ce. Likitoci da dama suna ganin wani kaso na yaran da a da ake kira 'yan wabi a ƙasar Hausa, ko ogbanje a ƙasar Ibo, sikila ce ta yi ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Ita ƙwayar ma ba a banza ta yawaita a Afirka ba. A 1954 wani likita mai suna Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka cewa masu AS sun fi jure zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Abin da ya kamata iyaye su lura shi ne lokacin gwajin. Wanda aka yi tun yara suna makaranta ya fi wanda ake yi bayan an kai kaya an sa rana, sa'ad da takarda ɗaya ke iya raba zukata biyu da gidaje biyu.

Shiru

A ranakun 8 ga Fabrairu da 8 ga Maris na 1865 Mendel ya karanta sakamakonsa gaban ƙungiyar masu binciken halitta ta Burno. A 1866 aka buga shi a mujallar ƙungiyar, ya karɓi kofe 40 na kansa ya aika wa wasu masana. Kusan ba wanda ya kula. Masanan tsirrai ba su saba da lissafi ba, masu lissafi kuma ba ruwansu da wake. Wanda ya amsa masa shi ne Carl Nägeli na birnin Munik, babban masani, amma bai fahimci girman abin da ke hannunsa ba. Mendel ya shiga gwada wani ɗan furen daji mai suna Hieracium, wanda Nägeli ya ƙware a kansa. Furen ƙanƙane ne ƙwarai, sai da gilashin ƙara girma da hasken madubi, har idanunsa suka samu matsala, sakamakon kuma ya saɓa wa na wake. Sai bayan mutuwarsa aka gano cewa wannan tsiro yakan yi iri ba tare da aure ba, 'ya'yansa kwafin uwa ne. Ba ƙa'idarsa ce ta gaza ba, amma shi bai rayu ya san haka ba.

Littafin Charles Darwin a kan asalin jinsunan halittu ya fito a 1859. Mendel ya mallaki fassararsa ta Jamusanci, ya karanta da fensir a hannu, alamominsa suna nan a gefen shafuka. Bai shiga hayaniyar da littafin ya tayar ba, ya tsaya a kan abin da zai iya ƙirgawa. Babu shaidar cewa Darwin ya taɓa karanta takardarsa.

Wani abin da ya rage daga hannunsa shi ne 'yan rubuce-rubucen shirin wa'azi. A cikin na Ista ya tsaya a kan labarin Yohanna sura 20, inda Maryamu Magadaliya ta zaci Yesu mai lambu ne, ya kwatanta ran mutum da ƙasa, alherin Allah kuma da irin da aka zuba a cikinta, wanda yake bukatar a yi masa noma.

Shugabanci da rigimar haraji

Napp ya rasu a 1867, a watan Maris na 1868 'yan'uwa suka zaɓi Mendel ya gaje shi. Ya zaci zai sami ƙarin lokacin bincike, sai ya tarar da akasin haka: gonaki, taruka, kwamitoci, har shugabancin wani bankin jingina na Morabiya. Duk da haka bai rabu da lambu ba. Ya gina ɗakin kiwon zuma, ya ci gaba da ɗaura rassan itatuwa kamar yadda mahaifinsa ya koya masa, yana kuma rubuta awon yanayi kullum. Da guguwa ta afka wa Burno a watan Oktoba na 1870, ta farfasa tagogin gidan, ya zauna ya rubuta bayaninta dalla dalla. Hannunsa a sake yake, ya taimaki ɗalibai da matalauta, ya kuma ba ƙauyensu gudummawar kafa ƙungiyar kashe gobara.

A 1874 gwamnati ta yi dokar ɗora wa gidajen zuhudu haraji mai nauyi. Mendel ya ce dokar ta saɓa wa tsarin mulki, ya ƙi biya. Sauran shugabanni suka yi ta sasantawa da hukuma ɗaya bayan ɗaya, shi ya kafe shi kaɗai, har aka riƙe wasu kadarorin gidan. Taurin kan da ya sa ya ƙirga ƙwayoyi dubbai shi ne ya cinye masa shekarunsa na ƙarshe cikin rubuta ƙorafi, ya bar shi cikin kaɗaici da zargin na kusa da shi. Jiki ya yi nauyi, ga yawan shan sigari, ciwon ƙoda da na zuciya suka kama shi. Ya rasu ranar 6 ga Janairu, 1884, yana da shekara 61. Jama'a da yawa suka raka gawarsa, suna jimamin shugaba mai kirki da tsohon malaminsu. Bayan haka aka ƙone yawancin takardunsa.

Bayan shekara 16

A 1900 masana uku, Hugo de Vries a Holan, Carl Correns a Jamus da Erich von Tschermak a Austiriya, suka buga sakamakon gwaje-gwajensu, suka kuma ambaci takardar 1866. William Bateson a Ingila ya ɗauki tutar, ya yaɗa ta cikin Turanci. A 1936 masanin lissafi Ronald Fisher ya ce alƙaluman Mendel sun yi daidai fiye da kima, aka daɗe ana gardama, amma gwaje-gwajen da aka maimaita sun tabbatar da ƙa'idar, kuma ba a sami shaidar maguɗi ba. A Tarayyar Sobiyet kuwa aka haramta koyar da ita a 1948, shekara biyar bayan Nikolai Vavilov, wanda ya zagaya duniya yana tattara iri, ya mutu a kurkuku. A 1950 gwamnatin gurguzu ta rufe gidan zuhudun Burno kansa, ba a mayar wa masu shi ba sai bayan faɗuwarta.

Ƙasar Hausa ta ci moriyar aikin nan a gona. A 1975 cutar da masana ke kira rozet, wadda ƙananan kwari masu tsotsar ganye ke yaɗawa, ta sa gyaɗa ta kankance a faɗin Arewa, manoma suka tafka asarar da ba su manta ba. Juriyar wannan cuta an same ta ne a wasu tsofaffin irin gyaɗa na manoman iyakar Burkina Faso da Kwaddibuwa, kuma ƙwayoyin gado biyu ne masu laɓewa ke riƙe da ita. Ma'ana, idan aka aurar da su da irin da ake so, 'ya'yan farko ba za su nuna juriyar ba, sai a jikoki, kamar gajeren waken Mendel. Da irin wannan lissafi masanan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya da abokan aikinsu suka fitar da irin gyaɗa masu jure cutar, cikin jerin da ake kira Samnut. Cibiyar IITA ta Ibadan kuma tana adana irin wake sama da 15,000, domin ba a san cikin wanne maganin cutar gobe yake laɓe ba.

A 1990 masana a Ingila suka gano dalilin yamutsewar waken Mendel: wani guntun baƙon gado ne ya kutsa cikin ƙwayar da ke sarrafa sitaci, sai sukari da ruwa suka yi yawa a cikin iri, idan ya bushe ya motse. A 1997 aka gano ta tsawon kara, sauran ukun ƙarshe cikin bakwai ɗin kuma sai a 2025. A 2021, ana shirin cikarsa shekara 200 da haihuwa, masana na Burno suka buɗe kabarin 'yan zuhudun da izinin ɗarikarsa. Sun tarar da akwatuna biyar, suka tantance nasa ta hanyar gwada ƙwayoyin gadon ƙasusuwan da na wani gashi da aka tsinta cikin littattafansa, sannan suka mayar da shi makwancinsa.